Katangar da Baba Ya Gina

Mahaifina magini ne. A unguwarmu ba mai kiransa da sunan yanka, daga Baba Magini sai Magini kawai, har Inna ma idan ranta ya ɓaci haka take kiransa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa kamar bayan bulo don kaushi. Idan ya shafa kan jariri sai yaron ya tsala ihu, shi kuwa ya yi ta ba shi haƙuri kamar wani babban mutum. Da leburanci ya fara, yana hawa tsani da kwanon siminti a ka, har wani tsohon magini ya lura da natsuwarsa ya miƙa masa cokalin gini. Ya gina wa mutane gidaje da shaguna ba iyaka, amma mu a gidan haya muka tashi, inda baro da shebur da igiyar awo suka cinye mana rabin wurin shanya. Abin da ya mallaka a duniya wani fili ne a bayan gari. Yakan je ya duba shi jefi-jefi, ya dawo ya tsuguna a tsakar gida yana zana wa Inna ɗakuna da tsinke.

"Nan ɗakinki, nan na baƙi."

"To, ni dai a tuna a sa mini ƙofa," in ji Inna, "kada ranar tarewa in shiga ta taga."

Aibinsa ɗaya ne, kuma kowa a gidan ya san shi: ba ya iya musu da wanda ya ba shi aiki. Zai faɗi gaskiya sau ɗaya, a hankali, idan aka ɗaga masa murya sai ya ce to.

Shekarar da abin ya faru aiki ya yi ƙaranci. Ni a lokacin na yi aure, ina ɗinki a ɗakina, tsakanina da gidanmu tafiyar ƙafa ce. Wani attajiri da ake kira Mai Shaguna, saboda jerin shagunansa na bakin titi, ya kira Baba ya ce yana so a ƙara wa katangar bayan shagunan tsawo, don ɓarayi sun taɓa haurowa. Katangar tsohuwa ce, harsashinta bai yi zurfi ba. Baba ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya tona gindinta kaɗan, ya ce sai an zuba ginshiƙai da rodi kafin a ɗora mata wani nauyi.

"Katanga ce fa, Magini, ba bene ba," in ji Mai Shaguna. "Ka ɗora bulo kawai. In ba za ka iya ba ka faɗa mini in nemi wani."

Baba ya ce to. Ya ɗora.

Bayan katangar wani lungu ne, a jikinta kuma wani mai gyaran takalmi ya kafa 'yar rumfarsa ta buhu da langa-langa. Kwanakin da Baba ya yi yana aikin, a rumfar suke cin abincin rana tare. Mai takalmin har ya ɗinke masa silifas kyauta, yana tsokanarsa wai magini guda yana yawo da takalmi mai buɗaɗɗen baki kamar kada.

Damina ta faɗi. Wata safiya, bayan an kwana ana ruwa, mai takalmi ya fito da wuri yana ɗaure buhun rumfarsa da iska ta kwance, katangar ta kwanta a cikin lungun gaba ɗayanta. Da labari ya iso gidanmu, Baba bai tsaya neman takalmi ba. Da hannunsa ya riƙa yaye bulon da shi ya jera, har aka ciro mutumin da sauran numfashi. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Ya bar mata da tagwaye 'yan firamare. 'Yan sanda da suka zo, a zaune suka tarar da Baba a kan ɓaraguzan, yatsunsa duk jini. Suka tambaya waye ya yi ginin. Kafin kowa ya buɗe baki ya ce, "Ni ne."

Ban taɓa shiga ofishin 'yan sanda ba sai ranar. Benci ɗaya a jikin bango, fanka tana juyawa da ƙyar, warin jiƙaƙƙen tufa ya cika wurin. Na hango Baba a bayan kanta, an karɓe hularsa, sai na ga ashe duk kansa furfura ce. An kira Mai Shaguna shi ma, ya zo da lauyansa, ya ce shi bai san gini ba, ya bar wa gwani aikinsa. Kafin azahar ya koma gida.

Mu ba mu da lauya, ba mu ma san inda ake samunsa ba. Wata maƙwabciyata ce ta kai ni wurin lauyoyin nan da ke tsaya wa marasa hali kyauta. Aka haɗa mu da wata 'yar siririya mai tabarau, wadda Inna ta raɗa wa suna 'Yar Lauya, don ta ce ba ta girme ni ba. Da ta ga Baba sai da ta rusuna ta gaishe shi kafin ta buɗe jakarta.

"Baba, sun sa ka sa hannu a wani abu?"

"Ba su sa ba tukuna, 'yata."

"To, kada ka sa sai an karanta maka ka gane. Kana da ikon ka yi shiru har sai ina wurin. Su kuma ba su da ikon ajiye ka a nan yadda suka ga dama, dole su kai ka gaban alƙali. Zan nemi belinka."

Baba ya dube ta da mamaki. "Wanda ya kashe mutum ma yana da haƙƙi?"

"Ba a ce ka kashe kowa ba sai kotu ta ce. Ko ta ce ɗin ma, kai mutum ne."

Aka ba da belinsa, yayansa da muke kira Baffa ya tsaya masa. Ranar da ya fito bai shiga gida ba, ya ce a raka shi gidan mamaci. Muka tafi da Baffa da Inna. Ɗaki ɗaya ne a cikin gidan haya mai yawa, an jingine akwatin kayan aikin marigayin a bayan ƙofa, da wasu takalman mutane da ba a karɓa ba. Matar, wadda ake kira Uwar Biyu, tana zaune a kan tabarma cikin takaba. Baba ya durƙusa daga bakin ƙofa. Ita ce ta fara magana.

"Baba Magini, ka tashi. Ya sha ba ni labarinka, ya ce kai mutumin kirki ne. Kwanansa ne ya ƙare. Na yafe maka duniya da lahira."

Muka dawo gida Inna tana ta hamdala, a zatonmu magana ta mutu. Da Uwar Biyu ta fita takaba, da ƙafarta ta je wurin 'yan sanda ta ce ta janye ƙara. Suka ce mata ai ba ita ta shigar ba, balle ta janye. Ta zo gidanmu a ruɗe, muka ɗunguma sai ofishin 'Yar Lauya.

"Mijina ne fa," in ji Uwar Biyu. "In ni na yafe, waye kuma zai ce bai yafe ba?"

'Yar Lauya ta cire tabaranta ta goge. "Yaya, yafiyarki tana da daraja, kuma zan faɗa wa alƙali, za ta yi amfani. Amma lungun nan ba mijinki kaɗai ke bi ba. 'Yan makaranta na bi, masu talla na bi. Idan sakaci ya ci rai, hukuma tana ɗaukarsa laifi ne a kan jama'a duka, shi ya sa ita take ƙara, ba ke ba. Taki ƙarar daban ce, ta neman diyya. Waccan ke kike da ita, in kin so ki shigar, in kin so ki bari."

"Ni ba na cin kuɗin rai," in ji Uwar Biyu, ta gyara mayafinta ta tashi.

Aka gurfanar da Baba da Mai Shaguna tare, bisa zargin sakacin da ya jawo asarar rai. Kafin zaman farko 'Yar Lauya ta zaunar da Baba ta ce masa ba dole ne ya amsa laifi ba, aikin mai gabatar da ƙara ne ya kawo hujja, shi yana iya zama ya naɗe hannu. Baffa ya ce wannan ita ce magana, a ce ruwa ne ya yi yawa. Baba ya daɗe yana murza tafin hannunsa.

"Ruwan nan a kan kowace katanga ya sauka," ya ce. "Tawa ce ta faɗi. Na tona gindinta da hannuna, na ga abin da na gani. Na kuma san akwai mutum a ƙarƙashinta, don abincinsa na ci."

Ɗakin shari'ar bai kai girman da nake zato ba. Bencuna ne kamar na makaranta, da ɗan akwatin katako inda wanda ake tuhuma ke tsayawa, alƙali kuma a can sama yana rubutu ba ya ko ɗago kai. Da aka karanta tuhuma aka tambayi Baba, ya ce ya aikata. Alƙalin ya ajiye biro ya tambaye shi ko ya fahimci abin da amsarsa za ta jawo masa, ko wani ya tilasta shi. Ya ce ya fahimta, kuma ba wanda ya tilasta shi. Mai Shaguna ya ce bai aikata ba. Aka yi ta ɗage zama ana dawowa. Maganar ginshiƙai tsakaninsu su biyu aka yi ta, ba wanda ya ji, lauyan Mai Shaguna kuma ya ce mai laifi ne ke neman abokin tafiya. A ƙarshe alƙali ya ce ba ya ɗaure mutum a kan zato, hujjar da aka kawo ba ta kawar masa da shakka ba, ya sallami Mai Shaguna. Baba kuwa, ya ce ya duba shekarunsa, da amsa laifinsa, da yafiyar matar marigayi, ya yanke masa ɗauri mai sauƙi, bai kai shekara ba.

Inna ba ta yi kuka a kotu ba. Ba ta yi ba kuma duk zuwan da muka riƙa yi gidan yari, muna bin layi ana caccaka abincin da muka kawo da cokali. Sai wata rana, bayan ya yi watanni, ya miƙo hannu ta tsakanin ƙarafuna ta kama, ta ji tafin ya yi laushi kamar na malamin makaranta. Nan ta fashe. Shi kuwa yana ta cewa, "Haba, ke da kike ƙorafin ina yaga miki zanin gado?"

Ya fito ya tarar da duniya ta sauya masa fuska. Waɗanda ke layi a ƙofar gidanmu da sassafe neman ya duba musu aiki duk sun ɗauke ƙafa. Sai ɗan gyaran tsaga da filasta, su ma jefi-jefi. Abin da ya fi damunsa ba wannan ba ne. Ya ji labarin Uwar Biyu ta koma wankau a gidajen mutane, tagwayen sun bar makaranta, mai gidan haya kuma yana yi mata barazanar kora. Wata rana da hantsi ya sa hularsa ya ce in raka shi. Muka same ta a bakin famfo, hannunta duk ya tsattsage saboda sabulu.

"Uwar Biyu, maganar da lauya ta yi miki ta diyya, ki shigar."

"Baba Magini, na ce na yafe."

"Kin yafe naki, Allah ya saka miki. Na yaran nan fa? Ubansu ne ke ciyar da su. Ba kuɗin rai za ki ci ba, abincinsu ne da karatunsu da aka danne a ƙarƙashin bulo."

Ta ci gaba da matse wata riga. Can ta ce ta taɓa komawa ta tambaya, aka ce mata in za a yi ƙarar, da mai katanga da wanda ya gina duk za a haɗa. Ita kuwa ba za ta iya tsayawa a gaban alƙali ta nuna shi da yatsa ba, bayan ya riga ya sha ɗauri.

"Ɗaurin na hukuma ne, na biya ta," in ji Baba. "Ke ban biya ki komai ba. Ki sa sunana."

'Yar Lauya ta ce ita ba za ta iya tsaya wa Uwar Biyu ba tunda ta tsaya wa Baba, sai ta haɗa ta da wani abokin aikinta. Ta kuma ce a hanzarta, don irin wannan ƙarar tana da wa'adi, in ya wuce an rufe ƙofa. Na tambaye ta amfanin sake kai mutumin da kotu ta riga ta wanke. Ta ce waccan kotun tambayarta ita ce ko a ɗaure shi, shi ya sa sai an kawar da duk wata shakka. Wannan kuwa tambayarta ita ce wa zai ɗauki asara, kuma wanda hujjarsa ta fi nauyi shi ke da gaskiya.

Da sammaci ya isa hannun Mai Shaguna, sai ga ɗan aike a gidanmu. Wai akwai babban aiki na gidaje da za a fara, ana neman shugaban magina, kuma an tuna da Baba. Abin da ake so kawai shi ne in an je kotu ya ce ya manta yadda suka yi, tsufa ne. Baffa yana wurin. Bayan ɗan aiken ya fita tsakar gida, ya matso kusa da ƙaninsa.

"Kai fa ba yaro ba ne. Ka sha ɗauri kai kaɗai, yanzu kuma za ka ja wa kanka biyan diyya, ka kuma toshe ƙofar da ta rage maka? Ka dubi matarka."

Baba ya dubi Inna. Ita kuwa ta ci gaba da tsintar shinkafarta, ta ce, "Ni kada a sa ni a ciki. Ni dai na san bai manta ba, don ko a barci yana faɗa."

Baba ya fita ya sami ɗan aiken. Muna jin muryarsa daga ɗaki. "Ka gaishe shi, ka ce na gode. Ka ce ban manta ba."

Shari'ar diyya ta fi ta farko tsawo, ta kuma fi ta ciwo. Lauyan Mai Shaguna ya tsayar da Baba ya yi ta juya shi. Ba kai ne tsohon fursuna ba? Ba kai ne gwani ba? In ka san za ta faɗi, me ya sa ka gina? Baba ya ce, "Tsoron rasa aiki." Lauyan ya ce a ƙara ɗaga murya, kotu ba ta ji ba. Ya maimaita. Ina zaune a baya ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige.

Amma a wannan karon an sami shaidun da ba su fito ba a shari'ar farko. Lauyan Uwar Biyu ya bi sawu har ya gano mai sayar da rodi na bakin kasuwa, wanda ya shaida cewa Baba ya zo ya sa an ware masa rodi na ginshiƙai, washegari ya dawo ya ce a mayar, wai mai aikin ya ƙi. Wani mai shago a cikin 'yan hayar Mai Shaguna shi ma ya ce ya nuna wa attajirin tsaga a katangar tun farkon damina, shi kuma ya ce za a duba. Alƙaliyar, wata dattijuwa mai magana a hankali, ta yanke cewa mai gini yana da alhakin kula da abin da ya mallaka don kada ya cuci na kusa da shi, magini kuma yana da alhakin ƙin aikin da ya san haɗari ne. Ta ɗora wa Mai Shaguna kaso mafi girma na diyyar, ta ɗora wa Baba ƙarami.

Ƙaramin ma ya fi ƙarfinmu. Baba ya sayar da filinsa na bayan gari. Uwar Biyu ta aiko cewa ba za ta karɓi nasa ba, ya ce ba ita ya ba, kotu ya kai, ta je can ta yi musu da su. Mai Shaguna ya ɗaukaka ƙara, aka ƙara ɓata lokaci, bai yi nasara ba. Sai da ma'aikatan kotu suka zo za su rufe masa shago ɗaya sannan ya fara biya, kaɗan-kaɗan, yana yi yana ƙorafi. Tagwayen suka koma makaranta. Uwar tasu ta kama ɗan shago tana sayar da sabulu da man shafawa da kayan ɗinki, ni ma a wurinta nake sayen zare. Muna gaisawa da mutunci, tana tambayar jikin Inna, amma ba mu taɓa zama ƙawaye ba, kuma ban ga laifinta ba.

Baba bai ƙara samun babban aiki ba har ƙarfinsa ya ƙare. Sai dai wani abu ya same shi a tsufansa wanda ba mu zata ba. Duk wanda aka kawo wa sammaci a unguwa, ko aka kama masa ɗa, ko mai gida ya watso masa kaya waje, sai a ce ya je wurin Baba Magini. Shi ba ya yanke wa kowa hukunci, ba ya ma cika ba da shawara. Hularsa kawai yake sawa ya raka mutum. Ya san ƙofar da ake shiga, ya san inda lauyoyin kyauta suke zama, ya san cewa ba a sa hannu a takardar da ba a gane ba. Na taɓa jin sa yana lallashin wani makaniki da ya fasa wa abokin faɗansa kai, yana shirin gudu ya bar garin.

"In ka gudu, mahaifiyarka za a riƙa tsarewa a hanya ana tambaya. Tashi mu je. Zan zauna a bencin baya, in ka waiwaya za ka gan ni."

Ciwon ƙirji ne ya kwantar da shi, ƙurar siminti ta shekara da shekaru. Ya rasu da rana tsaka, a ɗakin hayarmu, kansa a kan cinyar Inna. Mutanen da suka zo jana'iza sun ba mu mamaki, da yawa ba mu san su ba, kowa sai ya ce ai shi ya raka ni. Makanikin nan, wanda ya gama zamansa ya fito har ya buɗe garejinsa, shi ya kawo motar da aka ɗauki gawar.

Inna tana wurina yanzu. Idonta ya yi rauni, amma tana iya sa mini maɓalli da lalube, tana yi tana faɗa wai ɗinkin 'yan zamani ba ya ƙarko.